Yaɓen Soron Mijinyawa

Al Nahda, Dubai
Janairu

Gwaggo Asama'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da gwiwar nan taki da duk mutanen Gandun Mijinyawa. Ni ce Khairunnisa ta gidan marigayi Malam Dikko na Kano, wadda rabonki da ita tun zaman makokinsa. Na yi ta kiran wayarki, sai ɗanki Yaya Bashar ya ce kunnenki ya yi nauyi, in ina son magana da ke sai dai in koma takarda. To ga ni na koma. Musbahu jikan ƙawarki Mero yana kai-komo tsakanin nan da Kano da kayan waya, shi zai miƙa miki.

Lafiyata lau, sai gajiya. Mu huɗu ne a ɗaki, kowa da ƙasarta, kowa da lokacin tashinta. Kullum bas, sannan jirgin ƙasa, ran da raina ya ɓaci kuma in sauka a Deira in hau kwale-kwale in tsallaka Bur Dubai, ko iskar ruwa ta ɗan wanke min kai. A can nake aiki, a wani kamfani mai gyaran tsofaffin gidaje. Ni ce mai awo da zane. Gidajen attajiran da ne, mu gyara su tas, a sa musu na'urar sanyi, baƙi su shigo su ɗauki hoto su fita, ba mai kwana a ciki. A ƙofar kowanne akwai allo da sunan mai gidan. Waɗanda suka ɗauki dutsen a ka ba a rubuta ko ɗaya ba, haka ma 'yan Pakistan da Bangaladash da nake gani suna gyaransa yau cikin rana. Abin yana cina, Gwaggo, kullum da shi nake komawa gida.

Abin da ya sa na rubuto, Yaya Bashar ya ce zai dawo da ke Kano a rufe gidan gandu. Ban ji daɗi ba. Ni ina nan ina lallaɓa bangon wasu, namu na can zai zube. Ƙungiyar 'yan Arewa ta nan za ta yi taro a watan Maris, sun ba ni dama in yi magana. Ki rubuto min tarihin soron, yadda aka gina shi, da waɗanda suka gina shi. Ki sa Musbahu ya ɗauko min hotuna.

'Yarki,
Khairunnisa

*

Gandun Mijinyawa
Fabrairu

'Yata Khairi,

Wa alaikis salam. Takardarki ta iso. Ashe kina raye. Rubutunki dai sai a hankali, da a ajina kika zauna lokacin ina koyarwa da kin sha rula. Gwiwa tana nan yadda take, kunne kuwa ya huta da surutun mutane, ni ma na huta. Ki rage gajiyar nan, ba a gama aikin kamfani.

Mijinyawa kakan babana ne, kuma kakan kakanki. Gandun auduga da baba na rini da dawa ya yi a nan, iya ganinki gonarsa ce, bayi ke noma ta. Unguwar da aka zaunar da su ita ce Rinji, nan tsallaken kududdufi, har yau sunanta ke nan. Soron da nake kwana a ciki shi ne na tsakiya. Kaurin bangonsa ya kai mutum ya kwanta a kai. Rufinsa ɗaurin guga ne, wato bakuna ne na ƙasa suka taso daga bango suka haɗu a tsakiyar sama, aka manna tasa a mahaɗar. Ƙashin cikinsu azara ce ta giginya, wadda gara ba ta ci. Da bazara in kin shiga kamar kin sa kai a randa. Amma ƙasa ce, 'yata. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an hau an yaɓe rufin, an shafe shi da makuba, an gyara bakin indararo. Shekara ɗaya aka tsallake, ruwa ya sami hanya.

Kin tambayi waɗanda suka gina shi. Kakannin mutanen Rinji ne, kuma jikokinsu ke yaɓe shi har gobe. Gidan su Mero su ne masu ɗaurin baka. Gidan su Zainul Abideen tela su ne na azara. Gidan su Khadijat mai ƙosai matansu ke jiƙa ɓawon ɗorawa su haɗa makuba. Ba a aika musu, ba a kiran abin gayya, ba a kiransa komai. In hadari ya fara leƙowa ta gabas, sai Mero ta shigo ta ce, "Asama'u, jibi ki dafa da yawa." Sai in dafa. Su zo su hau, ana wasa ana tsokana, a ci tuwo, kowa ya wanke ƙafarsa ya tafi. Dalilin da ya sa su ne ba wasu ba, ba a faɗa dai, amma kowa ya sani.

Ni da Mero tare muka yi tallar gyaɗa, kusan tare muka yi takaba. In ba ta leƙo ba rana ba ta cika min.

Zancen Bashar gaskiya ne. Mun yi da shi cewa in soron ya yi yoyo bana, ba sauran gardama, zan bi shi. A bene yake zaune, ki duba min ni da gwiwar nan. A soron nan aka haife ni, a nan nake so a ɗauke ni. Amma kada ki damu, bai taɓa yoyo ba.

Gwaggonki,
Asama'u

*

Al Nahda, Dubai
Maris

Gwaggo,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan gwiwa ta yi sauƙi. Ni mura ce ta ɗan taɓa ni saboda sanyin ofis, ta wuce.

An yi taro, kuma wallahi ya yi kyau. Zauren ya cika, likitoci, injiniyoyi, ɗalibai, 'yan kasuwar Kano da suka zo sari. Na haska hotunan da Musbahu ya ɗauko a bango. Da ɗaurin gugan ya fito da tasar nan a tsakiya, sai na ji wurin ya yi tsit. Wani injiniya ya rantse bai san muna da irin wannan ba.

Layin nan naki shi ya tsaya min a rai, inda kika ce ba a faɗa amma kowa ya sani. Na karanta shi ya fi a ƙirga, na ji irin nauyin da kika daɗe kina ɗauke da shi ke kaɗai. Sai na ce to ni zan faɗa. Na ɗaga takardarki na karanta musu, gida gida, da aikin kowa. Na ce waɗannan bayin Allah kakanninsu a ɗaure aka kawo su, suka gina abin da ya fi ƙarfin mai shi, jikokinsu kuma suna riƙe da shi ba tare da an taɓa ambatar sunansu ba. Na ce ga ma jikansu nan a cikinmu, na nuna Musbahu na roƙe shi ya miƙe. Aka yi ta tafa masa. Kunya ta kama shi, ya yi murmushi ya zauna, bai ma jira abinci ba ya fita, ina jin kaya yake da su a filin jirgi.

An kafa kwamiti nan take. Za a nemi a sa gidan cikin kayan tarihi, a kafa allo a ƙofar zaure da sunan kowane gida na Rinji, ba na Mijinyawa kaɗai ba. Wani ya ɗauki jawabin a waya ya tura, na ji har Kano ya kai. Ki nuna wa Yaya Bashar, ya ga gidan da yake so a rufe. Ki gaishe min da Baba Mero, ki ce mata an tafa wa jikanta a Dubai.

'Yarki,
Khairunnisa

*

Al Nahda, Dubai
Mayu

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Allah ya sa shirun nan lafiya ne. Zafi ya sauka a nan, da rana ko tsuntsu ba ya giftawa, ni kuma ƙafafuna sun fara kumbura saboda tsayuwa.

Wata biyu ina jiran amsarki. Na zargi gwiwa, na zargi Yaya Bashar, har na zargi kaina ko rubutuna ne ya gagare ki. Musbahu kuma ya daina ɗaga wayata. Ran Juma'a na gaji na hau bas har International City, inda yake da ɗakin ajiya a bayan babbar kasuwar 'yan Cana. Na same shi cikin kwalaye yana ɗaure kaya. Kafin in gama sallama wani abokin sana'arsa ya leƙo yana dariya, ya ce yalla, tashi maza, bawan Mijinyawa, uwar ɗakinka ta zo duba aiki. Sauran suka kwashe da dariya. Musbahu bai ɗago ba.

Ya jawo aljihun tebur ya miƙo min takardata ta watan Maris, a rufe yadda na ba shi. Ya je gida sau biyu bai kai ba. Na fara yi masa bayani cewa girmama su na yi, ya ɗaga min hannu.

Ya ce, "Khalas, ya isa haka, Hajiya. Tun da na zo garin nan ni Musbahu mai kago ne, kontena ta zo, kontena ta tafi, ba wanda ya taɓa tambayata wane ne kakana. Yanzu har mai shayi ya sani. Wa ya aike ki?"

Ya raka ni har bakin titi, ya tsayar min da tasi, ya ce in gaishe ki in na sami mai kai min.

Gwaggo, har yanzu ban ga ƙaryar da na yi ba. Abin da ya faru na faɗa, kuma ba su ne ya kamata su ji kunya ba, mu ne. Amma fuskarsa ta hana ni sukuni. Ga takardun nan biyu na haɗa na ba Hajiya Halima Sa'adiya mai sarin atamfa, ta ce ƙaninta yana bin hanyar garinku. Ki gaya min an yi yaɓen?

'Yarki,
Khairunnisa

*

Gandun Mijinyawa
Yuni

Khairi,

Na amsa gaisuwarki. Ki riƙa ɗora ƙafafun a kan matashi in kin dawo. Ni ina nan, ba daɗi ba wuya.

Takardunki biyu sun zo tare, amma jawabinki ya riga su da nisa. Matar limamin Juma'a ce ta kawo min a wayarta. Ban ji abin da kike cewa ba, sai na ga takarda a hannunki, na gane rubutuna. Daga nan ban buƙaci kunne ba.

Ba a yi yaɓe ba. Hadari ya leƙo, Mero ba ta shigo ba. Na ce ko jikinta ne, na ƙirga jibi da kaina, na sa aka surfa dawa, na tuƙa tuwo tukunya biyu da miyar kuka. Na shimfiɗa tabarmi a zaure na zauna tun hantsi har la'asar. Awaki ne kawai suka leƙo. Da yamma na raba wa maƙwabta, saura na ɗumama na yi kwanaki ina ci.

Na ja ƙafa na tsallaka Rinji wurin Zainul Abideen. Ya tashi daga kan keken ɗinkinsa ya ba ni kujera, ya gaishe ni kamar kullum. Ya ce ba fushi suke da ni ba. Amma 'ya'yansu sun dawo daga makaranta suna kuka saboda sunan da aka laƙaba musu, kuma yanzu duk wanda ya hau rufin nan sai wani ya ɗaga waya ya ɗauke shi. Ya ce da, in mutum ya hau, maƙwabci ne ya hau. Na yi masa zancen lada, ya ce in rufa masa asiri, ba a nan matsalar take ba. Ƙofar Mero a rufe na same ta, jikarta ta ce ta tafi unguwa, alhali ga takalmanta.

Kin ce kin ji nauyin da nake ɗauke da shi. Ba kuka na kawo miki ba, 'yata, yadda abin yake tafiya na gaya miki. Su sun san mun sani, mu mun san sun sani, aka bar shi a haka kowa ya sami wurin tsayawa. Ban ce daidai ne ba. Kina da gaskiya cewa mu ya kamata mu ji kunya. Sai dai ke kin faɗi gaskiyarki kin hau jirgin ƙasa kin tafi aiki, su kuma da ita za su je kasuwa da masallaci.

Bashar ya turo magina daga Kano, masu bulo da siminti. Ɗaya ya hau ya zagaya, ya sauko ya ce shi bai iya wannan ba, in dai ba a fasa rufin a buga kwano ba. Na ce ya sha ruwa ya kama hanya. An yi ruwa uku zuwa yanzu. Akwai wata tsaga a gefen indararon gabas, ina kallonta tana kallona.

Gwaggonki,
Asama'u

*

Al Nahda, Dubai
Yuli

Gwaggo,

Gaisuwa. Allah ya ƙara lafiya. Ni dai ga ni nan.

Na nemi hutu in zo, shugabana ya ce inshallah bayan an gama aikin da ke hannu. Na san irin wannan inshallah ɗin. Kwamitin nan kuma ya mutu a tsaye, in na yi magana a zauren waya sai a turo min addu'a. Na roƙi wanda ya tura jawabin ya goge, ya goge nasa, amma ya ce abin ya wuce hannunsa tuni.

Na ba Hajiya Halima Sa'adiya tamfol mai kauri, irin wanda muke rufe gini da shi a nan. A shimfiɗa a rufin a danne da duwatsu, zai iya kai ku ƙarshen damina. Sannan ina tunanin in sake yin wani jawabin in ba mutanen Rinji haƙuri a bainar jama'a, tunda a bainar jama'a na yi. Ki gaya min ko in yi. Na daina yarda da dabarata.

Jiya na yini ina auna wani bango da ba wanda zai jingina da shi. Na gaji, Gwaggo. Ki yafe min.

'Yarki,
Khairunnisa

*

Gandun Mijinyawa
Agusta

Khairi,

Na gaishe ki. Lafiyata ƙalau, ki fara riƙe wannan kafin ki karanta saura.

Tamfol ya iso, na gode. 'Ya'yan liman suka shimfiɗa shi. Ya yi iya yinsa, amma ruwa ya riga ya shiga tun kafin ya zo. Da farko ɗigo ne, na tara kwano, na ƙara bokiti, na ja gado gefe, na hana kowa gaya wa Bashar. Ran Talata bayan azahar aka yi wani ruwa mai iska, ina zaure ina tsince shinkafa. Ƙarar ban ji ta ba, a ƙafata na ji ƙasa ta motsa. Bakan gabas ya karye, rabin ɗaurin gugan ya sauko a daidai inda gadona yake a da. Ba wanda ya ji ciwo.

Ruwa na tsayawa sai ga mazan Rinji, ba wanda ya kira su. Zainul Abideen ne a gaba. Suka tone akwatunana da littattafaina daga cikin laka, suka jera min a zaure, suka yi min jaje suka tafi. Na lura ba wanda ya ɗaga kai ya dubi rufin.

Jawabin haƙurin nan kada ki yi. Sake kiran sunansu ne. Allon ma a bar shi. Na yafe miki, ba ki yi don mugunta ba, kuma ba ke kika rubuta takardar ba.

Washegari Mero ta zo. Ta rame. A zaure ta zauna, ta jawo kayana da suka jiƙe tana warewa tana shanyawa, wanda ya bushe ta ninke, muna hirar ruwan bana da tsadar gero kamar jiya muka rabu. Har na fara jin sanyi a raina. Na ce mata Khairi yarinya ce, a can nesa take, ba ta san yadda ake yi ba, ta yi haƙuri. Ta ce ita ba ruwanta da yarinya. Ta ajiye zanin da ke hannunta ta matso kusa da ni.

Ta ce, "Kowa ya sani, wannan na sani. Amma ke, Asama'u, na ɗauka kin manta. Duk shekarun nan wurin ƙawata nake zuwa. Sai ga shi kin jera mu gida gida, ba ki ɓata ko ɗaya ba."

Na buɗe baki in ce mata ai na manta ɗin, sai na ga ƙarya zan yi mata. Ta jira ni, ta jira, sannan ta ɗauki zanin ta ci gaba da ninkewa. Ta gama ɗaure min kayan tsaf, ta ce Allah ya kiyaye hanya, ta sa takalmanta.

Motar Bashar ranar Asabar za ta zo. In za ki sake rubutowa, ki aika gidansa a Kano.

Allah ya huta gajiyarki.

Gwaggonki,
Asama'u